Sanƙarau: Abin da Aka Gano a Ƙauyukan Malumfashi

Da zarar an gama cin kasuwar auduga a Funtua, sanyin hunturu ya janye jiki, rana ta soma cizo, tsofaffin ƙasar nan sukan shiga wani zulumi da yaran yau ba su san shi sosai ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙura ke tsaye a sama, leɓe na tsagewa, hanci na haɓo, a nan ne sanƙarau ke shigowa gari. Yaro zai kwana lafiya ƙalau, ya tashi da ciwon kai da zazzaɓi mai zafi, ya yi amai, ya ƙi haske. Kafin azahar wuya ya sanƙare, haɓa ba ta iya taɓa ƙirji. Wani kafin gari ya sake wayewa an yi masa sutura. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana kuma, sau da yawa yakan tashi ba ya ji, ko ya tashi da farfaɗiya, ko hankalinsa bai koma yadda yake ba.

Akwai abu na biyu da kowane manomi ya sani tun kafin likita ya rubuta shi a takarda. Da zarar ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, cutar takan ɗauke ƙafa kamar an kore ta. Me ya haɗa ciwon ƙwaƙwalwa da ruwan sama? Ina cutar ke zuwa da damina, daga ina kuma take dawowa da bazara? Babban yanki na amsar a ƙauyukan Malumfashi aka samo shi, wajen shekara 50 da suka wuce. Abin da ke damuna shi ne, da wuya ka zauna a zauren wani ƙauye a yankin yau ka tarar da wanda aka taɓa ba shi labarin, alhali da maƙogwaron iyayensa da kakanninsa aka yi aikin.

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke bin cikin ƙashin baya suna naɗe ne a cikin wani tantani mai laushi, ruwa garau yana kewaye da su. Sanƙarau kumburin wannan tantanin ne. Ƙwayoyin cuta iri-iri na iya jawo shi, amma mai zuwa da annoba a ƙasashenmu ita ce wadda likitoci ke kira meningokokus, wadda wani likitan birnin Biyana mai suna Anton Weichselbaum ya fara ganewa a 1887. Tana da dangi, an raɗa musu haruffa: A, B, C, W, X da Y. Kusan shekara 100, A ce ta fi yi mana ɓarna. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe rabin waɗanda ta kama.

Babbar annoba ta farko da aka rubuta a arewacin Najeriya ta auku ne a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Likitocin mulkin mallaka sun ba da labarinta daga Zungeru, hedikwatarsu ta lokacin, ta kuma ci gaba da yaɗuwa yamma har cikin ƙasashen da Faransa ke mulka. Wasu masana na ganin ta biyo hanyar mahajjata ne ta Sudan. Ta sake dawowa da ƙarfi a 1921, inda aka ƙiyasta mutum sama da 40,000 sun mutu a Lardin Sakkwato kaɗai. A annobar 1949 zuwa 1950, an ƙirga kimanin mutum 93,000 da suka kamu a lardunan Arewa, sama da 14,000 suka rasu. Waɗanda aka ƙirga ke nan. Duk wanda ya san nisan da ke tsakanin ƙauye da asibiti a wancan zamani ya san wanda bai shiga littafi ba yana da yawa.

Abin da hukuma ke yi a lokacin bai wuce rufe kasuwanni, hana taruwa, da keɓe marasa lafiya a bukkoki bayan gari ba. To amma wa zai hana mutum tafiya da rani? Rani shi ne lokacin ci-rani, lokacin biki, lokacin fatauci da tafiyar almajirai. Tun da layin dogo ya ratsa Funtua zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, ga injin gurzar auduga, ga kasuwa, garin ya zama mahaɗar mutane daga ko'ina, a daidai watannin da cutar ta fi so. Sauƙi na farko ya zo ne da magungunan salfa a ƙarshen shekarun 1930, musamman ƙwayar da aka fi sani da M&B. Mai arha ce, kuma ma'aikacin disfensare na iya bayar da ita. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da annobar ke yawan dawowa, wata doguwar ɗamara a kudu da Sahara, inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 zuwa 1,100. Ƙasar Hausa tana tsakiyarta.

Zuwa wajen 1970 ƙwayar cutar ta fara gagarar salfa. A daidai wannan gaɓa ne Jami'ar Ahmadu Bello ta shigo labarin. An kafa jami'ar a 1962, aka buɗe tsangayar koyon likitanci a 1967, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne. Jami'ar ba ta da sabon asibitin koyarwa a lokacin, na Shika sai 2005 aka koma cikinsa, saboda haka ta karɓi asibitocin gwamnati da ke akwai: na Tudun Wada a Zariya, na Kaduna, da kuma na Malumfashi, inda ɗalibai ke zuwa koyon aikin karkara. Farfesa Umaru Shehu, ɗan Borno, shi ke riƙe da fannin lafiyar al'umma da Cibiyar Lafiya ta jami'ar. Sashen cututtukan manya kuma yana hannun Farfesa Eldryd Parry, wanda ya tara matasan likitoci masu ƙishin bincike: Brian Greenwood, da ya yi aiki a Ibadan kafin ya zo Zariya a 1970, da Hilton Whittle, da Anthony Bryceson, da David Warrell wanda ya shahara kan saran maciji. Cikin 'yan ƙasa da suka taso a wannan sashe akwai Idris Mohammed da Sadiq Wali, waɗanda dukkansu suka zama farfesoshi.

Abin da ya burge ni game da waɗannan mutane shi ne irin tambayoyin da suka zaɓa. Ba su nemi abin da sai a Landan za a iya yi ba. Sun dubi ɗakin marasa lafiya da ya cika har baranda da bazara, suka tambayi kansu: yaya za a gane cutar da wuri, yaya za a yi maganinta da hannu kaɗan? Hanyar gane sanƙarau ita ce a soka allura a gadon baya a ɗebo ruwan laka. Na mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau yakan fito fari-fari kamar ruwan tsari. Amma gane wace ƙwaya ce, wane harafi ce, yana ɗaukar kwanaki idan rainonta za a yi a ɗakin gwaji, kuma idan mara lafiya ya riga ya sha magani a gida, ƙwayar ba ta tsirowa. A 1971 Greenwood da Whittle suka wallafa wata hanya ta amfani da wutar lantarki wajen gano ɓurɓushin ƙwayar a cikin ruwan lakar cikin ɗan lokaci. A 1974 suka ƙara sauƙaƙa abin: a ɗiga ruwan a kan gilashi, a haɗa shi da wasu ƙananan ƙwayoyin roba da aka shafa wa sinadarin gane cutar, in sun dunƙule, an sami amsa cikin mintoci. Irin wannan gwajin ya daɗe ana amfani da shi a asibitocin yankin Sahel. A 1975 kuma suka ba da rahoton ɓullar nau'in C a Zariya. Mai karatu ya riƙe wannan harafin, zai dawo.

Sai annobar 1977. Cikin wata uku an kwantar da mutum sama da 1,200 a asibitin Zariya, mafi yawansu yara 'yan shekara 5 zuwa 14, maza sun fi mata, kuma 'ya'yan talakawa sun fi 'ya'yan masu hali nesa ba kusa ba. Kimanin 8 cikin 100 sun rasu. Maganin da ake da shi, fenisilin, sai an yi ta maimaita allurarsa dare da rana. Ina ma'aikatan da za su yi wa ɗaruruwan mutane haka? Likitocin Faransa a ƙasashen maƙwabta sun riga sun fara gwada kuloramfenikol da aka dama da mai, wanda ke daɗewa a jiki. Ƙungiyar Zariya ta gwada shi a tsanake, ta kwatanta shi da fenisilin na kwanaki, kuma sunan Dakta Sadiq Wali ne a gaba a takardar da aka wallafa a 1979. Allura guda, wani lokaci biyu, ta wadatar wa mafi yawan marasa lafiya. Wannan allura mai kauri ta zama makamin yaƙi da annobar sanƙarau a Afirka har tsawon shekara 20 da ɗoriya, sai da wani gwaji da aka yi a Maraɗi da Damagaram a 2003 ya nuna allura guda ta seftiriyazon ma tana yin wannan aikin.

A cikin annobar 1977 ɗin dai suka gwada rigakafi. Allurar da ake da ita an yi ta ne daga wani irin sukari da ke lulluɓe da ƙwayar cutar, aikin Emil Gotschlich da abokansa a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, kuma an ga amfaninta a Masar da Sudan. A Zariya aka bi gidajen waɗanda suka kamu, aka yi wa mutanen gida kimanin 500 allurar sanƙarau, wasu kimanin 500 kuma aka yi musu ta sarƙe-haƙora. Cikin kashi na biyu mutum 5 sun kamu tabbas, ana kuma zaton wasu. Cikin kashi na farko mutum guda kawai aka yi zato. Allura tana kare wanda aka yi wa, babu shakka. A jihar Bauchi, Idris Mohammed ya jagoranci yi wa jama'a allurar a dunƙule daga 1978, aka ga cutar ta ragu.

Duk wannan a asibiti da birni ne. Asibiti kuwa wanda ya riga ya faɗi kawai yake gani. Don a san inda ƙwayar ke ɓuya, dole a je wurin masu lafiya, a gidajensu, rani da damina. Nan ne Malumfashi ta shigo.

A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa aikin binciken cututtukan da suka zauna wa yankin Malumfashi, haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello, da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful, da Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya. Farfesa Herbert Gilles ne jagora daga Libaful, kuma sunan Umaru Shehu yana kan takarda ta farko da aka wallafa a 1977. A lokacin babu jihar Katsina, sai 1987 aka ƙirƙiro ta, ƙasar Galadima, wato Malumfashi, tana cikin jihar Arewa ta Tsakiya wadda ta koma jihar Kaduna a 1976. Zamanin ne kuma da shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi daga 1975, ke shimfiɗa hanyoyin ƙauye, yana raba taki, yana gina ƙananan madatsun ruwa. Masu binciken sun fara da ƙidaya. Dakta Andrew Bradley da ma'aikatansa 'yan ƙasa sun bi gida-gida sun rubuta dubun dubatar mutane, Hausawa Musulmi da Maguzawa da Fulani, wa aka haifa, wa ya rasu, wa ya tashi. Ba tare da wannan littafin ba, babu lissafin cuta da zai tsaya da ƙafarsa. Daga nan kowa ya kama fanninsa: wasu zazzaɓin cizon sauro, Dakta Pugh tsargiya a madatsun ruwa irin na Ruwan Sanyi da kuma saran kububuwa, Dakta Ian Blakebrough kuma maƙogwaro.

Aikin Blakebrough ba shi da wani kwarjini a ido. Ɗan tsinke ne mai auduga a kai, a ce wa mutum ya buɗe baki, a shafo can bayan beli, daidai inda wanzami ke kai ƙarfensa. A goga a kan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a yi maza a kai ɗakin gwaji, don meningokokus ba ta jure bushewa ko sanyi a wajen jikin mutum. Bayan wani lokaci a dawo wa mutanen nan dai, a sake shafowa, wasu a ɗebi jininsu. Haka aka yi ta yi wajen shekara biyu. Mai karatu ya ƙiyasta haƙurin da wannan ke bukata daga manomin da lafiyarsa ƙalau, ga shi ana tsakiyar noman farko, an ce ya bar fartanya ya zo a taɓa masa maƙogwaro. Ya ƙiyasta uwar da ke riƙe da ɗanta yana kuka, ba ciwo yake ba, ba kuma magani za a ba shi ba. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai hakimi da dagatai da masu unguwanni sun yarda, sai kuma masu gida sun amince sun sake buɗe ƙofa karo na biyu da na biyar.

Ga abin da ya fito. Ƙwayar sanƙarau tana zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, ba su sani ba, tana tashi daga wannan zuwa wancan ta numfashi da tari da kusantar juna. Kuma ba ta tafiya ko'ina da damina. Ana samunta a watan Agusta kamar yadda ake samunta a watan Maris. Abin da ke canjawa shi ne yawan waɗanda take kayarwa. An kuma tarar da wata 'yar uwarta marar cutarwa, laktamika, ta fi ta yawa a maƙogwaron ƙananan yara, abin da ya sa masana suka fara tunanin ko ita ke koya wa jikin yaro sanin dangin tun kafin mugun ya iso. A 1984 Greenwood da Blakebrough da Bradley da Wali da Whittle suka haɗa wannan da lissafin shekarun Zariya, suka ce: bazara ba ta kawo ƙwayar, ƙofa take buɗe mata. Busasshiyar iska da ƙura da zafi suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar da ke zaune lami lafiya ta sami kafar shiga jini, daga jini ta haura tantanin ƙwaƙwalwa. Ruwa na sauka, iska ta yi laima, kafar ta toshe. Wannan ne ya sa annoba kan lafa da damina sannan ta farfaɗo a bazara mai zuwa a gari na gaba: ƙwayar ta ci gaba da tafiya a ɓoye. Har yau wannan bayanin ne ginshiƙin fahimtar sanƙarau a yankin Sahel, ko da yake an yi masa ƙari da gyara.

Abu na biyu da suka gano ya fi ɗaci. Ƙungiyar ta yi wa wasu ɗaliban wata makarantar 'yan maza allurar rigakafi, ta bar wasu, sannan ta duba maƙogwaronsu bayan watanni. Babu bambanci. Wanda aka yi wa allura ba ya kwanciya, amma yana ɗauke da ƙwayar yana rabawa kamar kowa. Sauran binciken ya nuna garkuwar ba ta daɗewa a jikin ƙananan yara, kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama kwanan nan jikinsa ba ya karɓar allurar yadda ya kamata, har bayan wata guda. A ƙasar da kusan kowane yaro ke zazzaɓi da damina, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Ma'anarsa ita ce allurar da ke hannu ta kashe gobara ce bayan ta tashi. Ba za ta hana ta tashi ba. Greenwood da Wali sun nuna a 1980 cewa idan aka yi maza aka yi wa ƙauye allura da zarar cutar ta ɓulla a cikinsa, ana ceton rayuka, kuma a kan wannan dabara ta bin annoba a guje Afirka ta rayu shekara 30.

Bari in ɗan ratse. Kafin likitocin nan su iso, wani masanin tarihi, Murray Last, wanda ya rubuta littafin nan kan Daular Sakkwato, ya zauna shekaru a gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke fahimtar ciwo da magani. Abin da ya lura da shi, mutane ba sa ɗaure kansu ga hanya ɗaya. Za a je wurin malam, a je wurin boka ko wanzami, a je asibiti, wanda ya yi aiki shi ne magani. Ina ganin wannan ya bayyana dalilin da ya sa allurar sanƙarau ba ta sha wahalar karɓuwa ba a wancan zamani. Mutane sun ga wanda aka ɗauko a sanƙare ya tashi ya ci tuwo. Ba gardama ce ke hana mutanenmu zuwa asibiti ba sau da yawa. Nisa ne, da kuɗin mota, da rashin tabbacin za a tarar da magani.

Wajen 1980 aikin Malumfashi ya naɗe tabarmarsa. Greenwood ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike ta can shekara 15, Whittle ma ya bi shi. Kuɗin man fetur ya ja baya, jami'o'i suka shiga matsi, littafin ƙidayar nan da aka sha wahalar haɗawa ba a ci gaba da shi ba. A ganina wannan babbar asara ce. Garuruwa irin su Nabrongo a Ghana da suka riƙe irin wannan ƙidaya shekara da shekaru sun zama cibiyoyin da duniya ke zuwa neman amsa. Malumfashi ta riga su farawa.

Sai 1996, shekarar da ba a mantawa. A Najeriya kaɗai an ƙirga mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu, kuma Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Farfesa Idris Mohammed ne gwamnatin tarayya ta ɗora wa jagorancin yaƙi da annobar. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba wani maganin da aka kwatanta shi da shi. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba. Kamfanin ya dage cewa ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran. Idris Mohammed na cikin waɗanda suka ɗaga murya tun a lokacin, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce an saɓa ƙa'ida, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Gwajin makonni kaɗan ya rushe amanar da aka yi shekaru ana ginawa. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke ambata. Ga bincike iri biyu a ƙasa ɗaya, kan cuta ɗaya: masu zama da mutane shekara da shekaru, da masu sauka daga jirgi su tashi. Kada a haɗa su a kwando ɗaya, kada kuma a ce tsoron da mutane suka ji ba shi da dalili.

Annobar 1996, wadda ta kashe wajen mutum 25,000 a faɗin yankin, ita ta sa shugabannin lafiya na Afirka suka nemi sabuwar allura. Abin da ake bukata daga gare ta shi ne ainihin giɓin da aka gano a shekarun Malumfashi: ta yi aiki a jikin ƙaramin yaro, ta daɗe, ta kuma kori ƙwayar daga maƙogwaro. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin da dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates, ƙarƙashin Dakta Marc LaForce. Dabarar ita ce a ɗaura sukarin nan na jikin ƙwayar a kan sinadarin allurar sarƙe-haƙora, don jiki ya riƙe shi da kyau ya kuma tuna da shi. Kamfanin Serum na Indiya ya yarda ya yi ta a ƙasa da rabin dala kowace guda. Aka sa mata suna MenAfriVac, aka fara a Burkina Faso a Disamban 2010. Kafin ta iso, annobar 2009 ta kama sama da mutum 50,000 a Najeriya, Katsina na cikin na gaba-gaba. A ƙarshen 2011 allurar ta shigo ƙasar nan, kuma Katsina na cikin jihohi biyar na farko tare da Zamfara da Jigawa da Bauchi da Gombe. Duk mai shekara 1 zuwa 29 aka nema.

A Chadi aka auna sakamakon da irin tsinken nan mai auduga, kuma Greenwood, wanda a lokacin ya tsufa yana koyarwa a Landan, yana cikin jagororin aikin. Rahoton 2013 ya nuna sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi allurar, nau'in A kuma ya kusan ɓacewa daga maƙogwaron mutane. Tambayar da aka yi a ƙasar Galadima ta sami amsa bayan shekara 30 da ɗoriya. Yau nau'in A, wanda ya cika maƙabartunmu tun zamanin kakanni, kusan ba a ganinsa. Tun 2019 allurar ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya, ana yin ta a wata tara.

Amma dangin nau'in A na nan. Nau'in C, wanda Zariya ta yi gargaɗi a kansa a 1975, ya dawo da sabon ƙarfi daga yankin Sakkwato a 2013, ya afka wa Yamai a 2015. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kama sama da mutum 14,000 a Najeriya, ya kashe sama da 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da Y da X, aka soma da Jigawa da Bauchi da Yobe.

A kudancin Katsina kuwa, yanayin da cutar ke so bai gushe ba. Rashin tsaro ya taso mutane daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, sun cunkushe a ɗakunan 'yan uwa a Funtua da Malumfashi da Bakori, wasu yaran an haife su a inda mai allura bai iya kaiwa ba. Sannan akwai waɗanda annobar baya ta bari. Kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau suna tashi da tabo na dindindin: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa, ko raunin fahimta. Yaron da ya kurumce a 1996 yau magidanci ne. Yarinyar da ta kamu a 2009, aka cire ta daga makaranta saboda tana faɗuwa, aka ce iskoki ne, tana nan a wani gida, alhali farfaɗiya tana da magani mai arha da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita.

Kirana ga Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina shi ne su koma ƙauyukan nan. Su fara da tara dattawa a ƙofar dagaci, su gaya musu da Hausa abin da aka samu daga haƙurin iyayensu, don hakkinsu ne su sani. Sannan su sake buɗe littafin ƙidaya, su auna jin yaran da suka tashi daga sanƙarau, su nemo masu farfaɗiya a ɗora su kan magani. Kai kuma mai karatu, idan bazara ta yi, yaro ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, kada a jira gari ya waye. A nemi mota ko babur a kai shi asibiti a daren.